Tambaya kan lambar 4,294,967,297: ta yaya aka gano cewa 641 tana raba ta?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan lambar 4,294,967,297 ce, wato biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Ana samun ta ne idan aka jera 2 sau 32 aka ninka su da juna, sannan aka ƙara 1, abin da ake taƙaitawa da 2^32 + 1. Na ci karo da ita ne ina karatu a kan lambobi marasa rabuwa, waɗanda babu lambar da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Abin da na karanta shi ne masanin lissafi Fermat ya ɗauka ita ma marar rabuwa ce, sai daga baya wani masanin, Euler, ya nuna cewa 641 tana raba ta.

Abin da ke cikin ikona na gwada. Da 7 take ƙarewa, saboda haka 2 da 5 ba sa raba ta. Idan aka tara alƙalumanta goma ana samun 59, wanda ke nuna cewa 3 da 9 ma ba sa raba ta. Da na raba ta da 7 saura 5 ya fito, haka ma da 11. Tushen murabba'inta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za a same ta, ya ɗara 65,536 da ɗan kaɗan, ke nan idan tana rabuwa dole ɗaya daga masu raba ta ya kasance ƙasa da nan, kuma lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da 65,536 guda 6,542 ne, ita kuwa 641 ita ce ta 116 a jerin.

Tambayata ta farko ita ce, shin Euler zama ya yi ya raba lamba mai alƙaluma goma da hannu har sau 115 kafin ya iso 641, ko kuwa akwai abin da ya nuna masa inda zai duba? Ta biyu, na san ƙa'idar da ta ce idan p marar rabuwa ce kuma ba 2 ba, to 2^(p − 1) tana barin saura 1 idan aka raba ta da p. Na sa kwamfuta ta gwada wannan a kan lambar tamu, kuma saura 1 ne ya fito daidai. Ta yaya lambar da ke rabuwa za ta tsallake wannan gwaji? Idan kuma akwai wasu siffofi nata da suka cancanci a sani, ina roƙon a faɗa mini. Allah ya ƙara wa malamai basira.

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma zan tsaya a kan ta farko domin a nan ne daɗin maganar yake.

Sai mu fara da dalilin da ya sa aka damu da wannan lamba tun asali. Idan 2^m + 1 za ta zama marar rabuwa, dole ne m ta kasance babu wata lambar mara (wadda 2 ba ta raba ta) sama da 1 da ke raba ta. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da m ta kasance a sau b, kuma b mara ce, to 2^a + 1 tana raba 2^m + 1. Dubi 2^6 + 1, wato 65: 6 ita ce 2 sau 3, kuma 2^2 + 1, wato 5, tana raba 65. Dubi 2^12 + 1, wato 4,097: 12 ita ce 4 sau 3, kuma 17 sau 241 shi ne 4,097. Saboda haka m ba ta da mafita sai ta fito daga jerin 1, 2, 4, 8, 16, 32 da abin da ya biyo baya. Biyar na farko suna ba da 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukkansu marasa rabuwa ne. Pierre de Fermat, masanin shari'a a birnin Toulouse na Faransa, ya rubuta a wasiƙunsa na shekarar 1640 cewa ya yi imani haka jerin zai ci gaba har abada, amma ya faɗa da kansa cewa bai kammala hujja a kai ba. Ta shida a wannan jeri, wanda ake kira jerin Fermat, ita ce lambarka, kuma da yake daga sifili ake fara ƙirga su, F5 ake kiranta.

Maganar ta kwanta kusan shekara casa'in, har Christian Goldbach ya jawo hankalin Leonhard Euler gare ta a wata wasiƙa a ƙarshen 1729. A 1732, Euler yana da shekara 25 yana aiki a cibiyar nazarin kimiyya ta St Petersburg a Rasha, ya bayyana cewa 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. A wannan rubutu bai yi bayanin hanyar da ya bi ba, sai a wani aiki da ya rubuta a 1747 ne ya kawo ƙa'idar da ke bayan abin. Ga yadda take.

Idan kana ninka 2 da kanta, kana kuma raba sakamakon da wata lamba marar rabuwa kana riƙe saura kawai, za ka ga sauran yana zagayowa. Gwada da 17. Za ka samu 2, 4, 8, 16, sai 32 ta bar 15, sai 30 ta bar 13, sai 26 ta bar 9, sai 18 ta bar 1. A mataki na takwas aka iso 1, daga nan kuma komai zai sake farawa. Lura da abu biyu a nan. A mataki na huɗu, rabin zagayen, saura 16 ne, wato 17 ba ɗaya, kuma wannan shi ne ma'anar cewa 17 tana raba 2^4 + 1. Sannan saura 1 ba ya fitowa sai a mataki na 8, 16, 24 da sauran ninkin 8.

Yanzu a ce akwai wata lamba marar rabuwa, mu kira ta p, da ke raba 2^32 + 1. Wannan yana nufin a mataki na 32 saura p ba ɗaya ne. Idan ka ninka wannan da kansa, a mataki na 64 saura 1 zai fito. Ke nan tsawon zagayen dole ne ya raba 64, wato ɗaya ne daga 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Amma da a ce ɗaya ne daga shida na farko, da saura 1 ne zai fito a mataki na 32, alhali mun san ba shi ya fito ba. Babu abin da ya rage sai 64. Ƙa'idar nan da ka ambata a tambayarka ta biyu, wadda ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat, ta ce a mataki na p − 1 ma saura 1 ne, saboda haka dole p − 1 ta zama ninkin 64. Duk lambar da za ta raba F5, in dai marar rabuwa ce, sai ta kasance wani ninki na 64 da ƙarin 1.

Ka ga yadda aikin ya ragu. Jerin shi ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A cikin goman nan 65, 129, 321, 385 da 513 su kansu suna rabuwa, sai a ajiye su gefe. Biyar suka rage: 193, 257, 449, 577 da 641. Gwajin ma bai buƙatar doguwar rabawa, domin ninkawa biyu ko uku sun wadatar. Ɗauki 641. 2^8 ita ce 256. Ninka ta da kanta ka samu 65,536, wato 2^16, ka cire 641 sau 102, wato 65,382, saura 154. Ninka 154 da kanta ka samu 23,716. To 641 sau 37 kuwa 23,717 ne. Ɗaya tak ya rage ta cika, kuma wannan ɗayan shi ne wanda aka ƙara a kan 2^32. Idan ka yi irin wannan aiki da sauran huɗun, za ka tarar F5 tana barin saura 109 da 193, saura 2 da 257, saura 325 da 449, da saura 288 da 577.

Akwai wata hujja da aka fi koyarwa yau saboda gajartarta, kuma ina so ka riƙe ta. Lambar 641 tana da fuska biyu: ita ce 5 sau 128 da ƙarin 1, kuma ita ce 625 da 16, wato 5^4 + 2^4. Fuska ta farko ta ce 5 sau 2^7 tana barin sauran da ya gaza cika da ɗaya, wanda za mu rubuta −1. Ninka wannan da kansa har sau huɗu: 5^4 sau 2^28 za ta bar saura 1. Fuska ta biyu ta ce a lissafin saura za a iya sa −2^4 a gurbin 5^4. Da zarar an yi haka, −2^32 ce ke barin saura 1, wato 2^32 + 1 ba ta barin komai. Sai dai wannan hujja tana amfani ne ga wanda ya riga ya san 641, ita kuwa ƙa'idar 64 ita ce ke nuna wa mutum inda zai nema.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne Fermat yana da wannan makami a hannunsa. A cikin shekarar 1640 ɗin da kanta ya yi amfani da irin wannan tunani ya gano cewa 223 tana raba 2^37 − 1, lambar da ta fi tamu girma kusan sau 32. A ganina, ganin biyar na farko sun fito daidai da yadda yake fata ne ya sa bai matsa wa ta shida da bincike yadda ya kamata ba.

Malama Mai Nazarin Lambobi ta amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya share hanya. Ina da ƙari ɗaya a kan bayaninsa kafin in koma ga tambaya ta biyu. A 1878 Édouard Lucas ya nuna cewa za a iya ƙara matse ƙa'idar Euler: daga F2 zuwa sama, ninkin da ake nema ya ruɓanya na Euler, saboda haka ga F5 ninkin 128 ne da ƙarin 1. Da wannan, jerin ya koma 129, 257, 385, 513, 641. Uku daga ciki suna rabuwa, 257 kuma ba ta iya raba wata 'yar'uwarta a jerin Fermat, ke nan 641 ita ce lamba ta farko da ma ta cancanci a gwada. Ita ma 6,700,417 ta bi wannan doka, domin ita ce 128 sau 52,347 da ƙarin 1.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, ƙanena. Kwamfutarka gaskiya ta faɗa maka, amma ƙaramar ƙa'idar Fermat hanya ɗaya take bi. Ta ce duk lamba marar rabuwa za ta tsallake gwajin. Ba ta ce duk wadda ta tsallake marar rabuwa ce ba. Akwai lambobi masu rabuwa da ke ba da saura 1 idan aka yi gwajin da 2, kuma mafi ƙanƙantarsu ita ce 341, wadda take 11 sau 31.

A game da F5 kuwa, tun kafin a taɓa kwamfuta an san abin da zai fito. Tun da lambar ita ce 2^32 + 1, to 2^32 tana barin −1 idan aka raba ta da ita, 2^64 kuma tana barin 1. Matakin da gwajin ke tambaya shi ne lambar ba ɗaya, wato mataki na 4,294,967,296, wanda shi ne 64 sau 67,108,864. Tun da ninkin 64 ne, babu yadda za a yi wani saura ya fito in ba 1 ba. Haka abin yake ga kowace lamba a jerin Fermat, mai rabuwa da marar rabuwa, domin daga 2 aka gina su, kuma 2 ba za ta taɓa fallasa su ba. Wasu marubuta tarihin lissafi suna ganin wannan na cikin abin da ya ƙarfafa wa Fermat zatonsa, amma wannan ra'ayi ne, kuma ni ban cika jingina da shi ba.

Sauya 2 da 3 ka ga bambanci. Idan aka raba 3^4,294,967,296 da F5, saura 3,029,026,160 ne ke fitowa, kuma wannan kaɗai ya isa hujja cewa lambar tana rabuwa, ko da ba a taɓa jin labarin 641 ba. A 1877 Théophile Pépin ya fito da gwajin da ya dace da wannan jeri musamman, wanda a yau aka fi yin sa da 3, kuma shi hanya biyu yake bi. Ana cire 1 daga lambar, sannan a ɗauki rabin abin da ya rage a matsayin mataki. Idan sauran da ya fito −1 ne, lambar marar rabuwa ce tabbas, idan kuwa wani abu ne daban, tana rabuwa tabbas. Ga F5 matakin shi ne 2^31, kuma ba a buƙatar rubuta wata lamba mai tsawon gaske: a fara da 3, a ninka ta da kanta, a riƙe saura, a sake ninka sauran da kansa, har sau 31. Abin da ke fitowa a ƙarshe shi ne 10,324,303, alhali da marar rabuwa ce da 4,294,967,296 za a gani. Kana iya duba alaƙar lambobin biyu da kanka, domin idan ka ninka 10,324,303 da kanta ka raba da F5, saura 3,029,026,160 ɗin nan ne zai fito.

Ina so ka lura da wani abu da nake ganin ya fi komai muhimmanci a nan. Sanin cewa lamba tana rabuwa aiki ne daban, gano masu raba ta kuma aiki ne daban, kuma na biyun ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba. Gwajin Pépin ba ya ba da ko da alamar wace lamba ce ke yin rabon. Shi ya sa har yau an tabbatar F20 da F24 suna rabuwa, amma ba a san ko ɗaya daga masu raba su ba.

Mai Aikin Manhaja ya amsa:

Ni ta ɓangaren maƙwabtanta zan ba da gudummawa, domin mu masu aikin kwamfuta mun fi sanin biyun da ke ƙasa da ita. A lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, F5 ana rubuta ta da 1, sai sifili 31, sai 1, alƙaluma 33 ke nan, wato ta fi ƙarfin ma'ajin lamba mai gurbi 32. Mafi girman abin da wannan ma'aji ke ɗauka shi ne 4,294,967,295, wato F5 ba biyu, ita kuma 4,294,967,296 ita ce yawan adireshin da tsarin IPv4 na intanet zai iya bayarwa.

Wannan 4,294,967,295 ita ce ainihin abin da ake samu idan aka ninka 3, 5, 17, 257 da 65,537 da juna. Dalilin a bayyane yake: 2^32 − 1 ita ce 2^16 + 1 sau 2^16 − 1, ita ma 2^16 − 1 ta rabu zuwa 2^8 + 1 sau 2^8 − 1, haka har ƙasa. Ke nan kowace lamba a jerin Fermat ita ce ninkin dukkan waɗanda suka gabace ta da ƙarin 2. Wannan ne ya sa Malam ya samu saura 2 da ya gwada 257, kuma shi ne tushen abin da Malama ta faɗa, cewa 257 ba ta iya raba wata 'yar'uwarta a jerin. Duk lambar da za ta raba biyu daga cikinsu dole ta raba 2, alhali dukkansu mara ne, saboda haka babu biyu a jerin da suka yi tarayya a kan mai raba su. Goldbach ya lura da haka a wasiƙarsa ga Euler a 1730, kuma daga nan ake samun hujja cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka, tun da kowace lamba a jerin tana zuwa da nata sababbi. Ita F5, 641 da 6,700,417 ta kawo, kuma ba za a sake ganin su a wata lambar jerin ba.

Akwai kuma batun zane. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 masu tsawo ɗaya da kusurwoyi iri ɗaya, ta amfani da rula da kamfas kawai, sannan ya kawo sharaɗin da ya haɗa abin da lambobin Fermat marasa rabuwa, Pierre Wantzel kuma ya kammala hujjar a 1837. Idan yawan gefen mara ne, zanen yana yiwuwa ne kawai idan yawan ya kasance ɗaya daga irin waɗannan lambobi, ko ninkin wasu daga cikinsu ba tare da maimaita ko ɗaya ba. Da biyar ɗin da aka sani ana samun haɗi 31, mafi girmansu kuma shi ne 4,294,967,295. Siffa mai gefe 4,294,967,295 tana zanuwa a ƙa'ida, haka ma mai gefe 4,294,967,296 tun da ninkin 2 ce zalla, amma mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa, saboda 641 da 6,700,417 ba sa cikin jerin Fermat.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode wa malamai ƙwarai. Na bi lissafin 154 da alƙalami, kuma na ga 23,716 da 23,717 da idona. Abu biyu suka rage mini. Da me aka tabbatar cewa 6,700,417 ita kanta ba ta ƙara rabuwa? Sannan bayan F5, an taɓa samun wata marar rabuwa a jerin?

Malama Mai Nazarin Lambobi ta sake amsawa:

Ta farkon za ka iya kammala ta da hannu a zama ɗaya. Duk lamba marar rabuwa da ta raba 6,700,417 ta raba F5, saboda haka dokar 128 tana hawa kanta. Tushen murabba'in 6,700,417 yana tsakanin 2,588 da 2,589, kuma idan tana rabuwa dole ɗaya daga masu raba ta ya kasance ƙasa da nan. Ninkin 128 da ƙarin 1 da ba su wuce wannan iyaka ba guda ashirin ne, daga 129 zuwa 2,561. Goma sha biyar daga ciki suna rabuwa, misali 1,537 ita ce 29 sau 53, 1,921 ita ce 17 sau 113, 2,561 kuma 13 sau 197. Waɗanda suka rage su ne 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. An riga an fitar da 257. Sauran huɗun, bi da bi, suna barin saura 44, 120, 334 da 622. Babu wadda ta raba ta, ke nan marar rabuwa ce.

Da wannan an san komai game da ginin F5. Masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Jimillarsu 4,301,668,356 ce, idan kuma aka cire ita kanta 6,701,059 ne ya rage, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari shida nata ba. Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su yi tarayya da ita a kan wani mai rabawa ba, 640 sau 6,700,416 ne, wato 4,288,266,240.

Siffar da na fi so a wannan lamba ta shafi murabba'ai. Kowa yana iya ganin cewa F5 jimillar murabba'i biyu ce, domin ita ce 65,536 sau 65,536 da 1 sau 1. Akwai ƙa'ida, wadda Fermat ya faɗa kuma Euler ya kafa hujjarta, cewa lamba marar rabuwa da ke barin saura 1 idan aka raba ta da 4 tana rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya ɗaya tak. F5 kuwa tana da hanya ta biyu: murabba'in 62,264 shi ne 3,876,805,696, murabba'in 20,449 shi ne 418,161,601, kuma idan ka tara su 4,294,967,297 za ka samu. Wannan ma hujja ce mai zaman kanta cewa tana rabuwa. Hanyoyin biyu daga masu raba ta suka fito. 641 ita ce murabba'in 25 da murabba'in 4, 6,700,417 kuma murabba'in 2,556 da murabba'in 409. Ninka 25 da 2,556 ka samu 63,900, ninka 4 da 409 ka samu 1,636. Idan ka tara su 65,536 ne, idan ka ɗebe 62,264 ne. Sannan ninka 25 da 409 ka samu 10,225, ninka 4 da 2,556 ka samu 10,224. Bambancinsu 1 ne, jimillarsu kuma 20,449. Ka haɗa tarawar farko da ɗebewar biyu ka samu hanya ɗaya, ka haɗa ɗebewar farko da tarawar biyu ka samu ɗayar.

Amsar tambayarka ta ƙarshe a'a ce, har yanzu ba a samu ba. F6, wato 18,446,744,073,709,551,617, ita ce 274,177 sau 67,280,421,310,721, kuma Fortuné Landry ya bayyana rabonta a 1880. F7 sai a 1970 Michael Morrison da John Brillhart suka raba ta da kwamfuta, F8 kuma Richard Brent da John Pollard suka raba ta a 1980. Daga F5 zuwa F11 ne kawai aka san dukkan masu raba su, F12 ma ba a gama da ita ba. An tabbatar cewa daga F5 har F32 kowace tana rabuwa, kuma F33 ce mafi ƙanƙantar da ba a yanke hukunci a kanta ba. Alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi, kuma gwajin Pépin a kanta yana buƙatar a ninka lamba mai irin wannan tsawo da kanta fiye da sau biliyan takwas.

Mafi yawan masana suna zaton 65,537 ce ta ƙarshe, ni ma wannan zato na fi karkata gare shi, saboda lambobin suna girma da saurin da ya sa damar kowace ta zama marar rabuwa take kusan rabin ta wadda ta gabace ta, idan kuma aka tara dukkan damar da ta rage daga F33 zuwa sama ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai wannan lissafin yiwuwa ne kawai. Babu wanda ya kawo hujja cewa marasa rabuwa a jerin suna da iyaka, kuma babu wanda ya kawo hujja cewa masu rabuwa a cikinsa ba su da iyaka.